Tonon silili wajen karɓar bashi: ina doka ta tsaya daga Akra zuwa Garwa?

A watan Yulin 2023, jami'an 'yan sandan Gana tare da na Babban Bankin ƙasar, da hukumar EOCO mai yaƙi da laifukan tattalin arziki, da hukumar tsaron intanet, suka kai samame wasu gine-gine a birnin Akra, inda suka kama mutum sama da 400, cikinsu har da uku 'yan ƙasashen waje. An zarge su da yi wa wasu manhajojin ba da rance ta wayar salula aiki, manhajojin da ba su da lasisi, waɗanda kuma ke karɓar bashinsu ta hanyar zagi da barazana da aika saƙonnin ɓatanci ga dangi da abokan wanda ake bi. Wata guda kafin samamen, Babban Bankin ya riga ya fitar da sunayen irin waɗannan manhajoji guda 97, yana gargaɗin jama'a da su guje su.

Samamen bai kawo ƙarshen matsalar ba. Manhajar da aka rufe yau takan dawo gobe da sabon suna, kuma salon nata ya tsallaka iyakoki zuwa ƙasashe masu amfani da Faransanci. Ga Hausawa mazauna zanguna, daga Nima da Aboabo a Gana zuwa Kwatano, Abijan, Garwa da Njamena, tambayar da ke gabansu ita ce: idan mutum ya ci bashi ya kasa biya a kan lokaci, ina iyakar abin da mai binsa zai iya yi masa?

Amsar da dokokin yankin suka bayar kusan ɗaya ce, ko da yake harsunan da aka rubuta su sun bambanta. Mai bin bashi yana da haƙƙin kuɗinsa, yana kuma da hanyar da zai bi ya karɓe su. Mutuncin wanda ake bi, da 'yancinsa, da sirrin wayarsa, ba sa cikin abin da aka jinginar. Yawancin barazanar da ake yi tana cin nasara ne saboda wanda ake yi wa bai san inda wannan iyaka take ba.

Yadda tarkon yake

Manhajar ba ta neman jingina, ba ta neman mai tsaya wa mutum. Hoton katin shaida take nema, da hoton fuska, da lambar asusun kuɗi na waya. Sai kuma wani abu da mutane kan danna ba tare da karantawa ba: izinin shiga jerin lambobin da ke cikin wayar, da hotuna, da saƙonni. Wannan izinin shi ne jinginar gaskiya. Kafin kuɗin su shigo, an riga an kwashe sunayen surukai, da maƙwabta, da abokan ciniki, da limamin unguwa.

Wa'adin biya gajere ne, sau da yawa kwana 7 ko 14, kuma ana zare wani kaso tun daga farko da sunan kuɗin aiki. A ɗauki misali: an rubuta wa mutum rancen sefa 10,000, an cire 3,000, ya karɓi 7,000 a hannu, ana so ya mayar da 10,000 bayan mako guda. Ribar ta kai kusan kashi 43 cikin ɗari a mako ɗaya, wato sama da kashi 2,000 idan aka lissafa ta a shekara. Wanda ya kasa biya sai a ɗora masa tarar kowace rana, wani lokaci kuma a nuna masa wata manhajar da zai ranto ya biya ta farko. Da haka ƙaramin bashi ke zama sarƙa.

Daga ranar da wa'adi ya cika, wani lokaci ma tun kafin ya cika, kiraye-kiraye ke farawa. Da farko tunatarwa, sai zagi, sai barazanar 'yan sanda da kotu. Matakin ƙarshe shi ne aika saƙo ga duk wanda lambarsa ke cikin wayar, ana kiran mutum ɓarawo ko ɗan damfara, haɗe da hotonsa. A Najeriya an ga inda aka yaɗa sanarwar mutuwar mutanen da ke raye. A Gana hukumar tsaron intanet ta sha yin gargaɗi kan barazanar yaɗa hotunan tsiraici da aka harhaɗa da kwamfuta.

Wannan salo bai tsaya ga manhajoji kaɗai ba. Akwai ma'aikacin asusun rance da ke zuwa ƙofar gida ya ɗaga murya don maƙwabta su ji, akwai mai kaya da ke turo ƙarti su ɗauke keken ɗinki ko firji, akwai wanda ke kai abokin cinikinsa ofishin jandarma a kan kuɗin buhunan albasa. Wayar salula ta ƙara wa tsohuwar dabara sauri da faɗi ne kawai.

Me ya sa abin ya fi ciwo a zango

Hausawa kan ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. A zango kuwa, bashi shi ne jijiyar ciniki. Masanin zamantakewa Abner Cohen, wanda ya yi bincike a unguwar Sabo ta Ibadan a farkon shekarun 1960, ya nuna yadda cinikin shanu tsakanin Hausawa da mahautan garin yake tafiya a kan bashi ba tare da takarda ba, maigida ne ke tsayawa tsakanin fatake da masu saye, sunansa kuma shi ne lamuni. Har yau tsarin bai sauya sosai ba a kasuwannin dabbobi, goro, albasa da hatsi. Ɗan kasuwar da aka yi wa shaidar riƙon amana zai iya ɗaukar kayan miliyoyi da baki kawai. Wanda aka ɓata wa suna kuwa, ko tiya ɗaya ba za a ba shi ba sai da kuɗi hannu.

Saboda haka saƙo ɗaya da ya shiga wayoyin mutum ɗari biyu yana iya jawo asarar da ta ninka bashin sau da yawa. Ga macen da ke sana'a a cikin gida ko take riƙe da adashin unguwa, abin yakan taɓa har aurenta. Masu aika saƙon sun san haka. Ba sa buƙatar kotu, tunda kunya tana yi musu aikin cikin awa guda.

Akwai kuma tsoron hukuma. A Gana, tsofaffi ba su manta da dokar korar baƙi ta watan Nuwamban 1969 ba, lokacin gwamnatin Kofi Busia, wadda ta watsa zanguna da dama. A wasu ƙasashen, Bahaushen da aka haifi kakansa a garin yakan sha tambayoyi kafin ya sami katin ɗan ƙasa. Mutumin da ke cikin irin wannan hali, da ya ji an ambaci 'yan sanda ko jami'an shige da fice, sai ya sayar da abin da ya mallaka ya biya, ko da kuɗin da ake nema sun wuce abin da ya ci. Ga shi kuma yarjejeniyar da takardun ƙorafi duk da Turanci ko Faransanci aka rubuta su.

Matakan Gana da Najeriya

A Gana, ba da rance a matsayin sana'a ba tare da lasisi ba ya saɓa wa dokar bankuna ta 2016, kwashe bayanan mutum a yi amfani da su ta hanyar da bai amince ba kuma ya saɓa wa dokar kare bayanai ta 2012. Hukumar tsaron intanet ta ware lamba 292 don karɓar ƙorafi ta kira ko saƙo. A 2025 Babban Bankin ya fito da tsarin lasisi na musamman ga masu ba da rance ta intanet.

Najeriya ta riga ta shiga wannan yaƙi tun da wuri, kuma abin da ya faru a can ya shafi maƙwabta, domin 'yan kasuwar kan iyaka da dama suna riƙe da layin waya da asusun banki na Najeriya. A watan Agustan 2021 hukumar NITDA ta ci tarar kamfanin Soko Lending naira miliyan 10 kan keta sirrin abokan hulɗarsa. A watan Maris na 2022 hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, ta kai samame ofisoshin wasu kamfanonin a Legas, aka kuma rufe asusun bankinsu. A watan Agustan shekarar ta tilasta wa duk mai wannan sana'a yin rajista. Dokar kare bayanai ta ƙasa ta zo a watan Yunin 2023, sannan a 2025 FCCPC ta fitar da sababbin ƙa'idoji masu tarar da ka iya kaiwa naira miliyan 100.

Kamfanin Google ma ya taka rawa. Daga 31 ga Mayun 2023 ya hana manhajojin rance da ke rumbunsa na Play Store shiga jerin lambobi da hotunan masu amfani da su. Sai dai masu wannan sana'a sun sami wata ƙofa: suna tura manhajar kai tsaye ta WhatsApp ko ta tallace-tallacen Facebook, mutum ya sauke ta ba tare da ta bi ta rumbun ba. Manhajar rancen da aka turo ta irin wannan hanya, ta kuma nemi izinin shiga lambobi, ta riga ta faɗi yadda za ta karɓi bashinta.

Ƙa'idar da waɗannan matakai suka dogara da ita ba sabuwa ba ce. Amurka ta kafa doka tun 1977 da ta hana kamfanonin karɓo bashi kiran mutum kafin ƙarfe 8 na safe ko bayan 9 na dare, ta hana su ƙarya da zagi, ta kuma hana su tattauna bashin da wasu mutane daban. Kenya ta saka irin wannan hani a cikin ƙa'idojin da Babban Bankinta ya fitar a 2022.

Hanyar da OHADA ta shata

A Nijar, Benin, Togo, Kodebuwa, Burkina Faso, Mali, Kamaru da Cadi, doka ɗaya ce ke tsara yadda ake karɓar bashi da ƙarfin hukuma. Ita ce dokar bai-ɗaya ta ƙungiyar OHADA mai ƙasashe 17, wadda aka amince da ita a 1998, aka yi mata gyara a birnin Kinshasa a watan Oktoban 2023, gyaran ya fara aiki a watan Fabrairun 2024. Ficewar Nijar, Mali da Burkina Faso daga CEDEAO a Janairun 2025 ba ta shafi wannan doka ba, domin yarjejeniya ce ta daban.

Dokar ta sauƙaƙa wa mai bin bashi. Idan bashin tabbatacce ne, adadinsa sananne, lokacin biyansa kuma ya yi, zai iya zuwa wurin shugaban kotu ya nemi umarnin biya, abin da ake kira injonction de payer da Faransanci, ba tare da an kira wanda ake bi ba. Amma dole a kai wa mutumin takardar ta hannun jami'in shari'a mai zartar da hukunci, wato huissier. Daga ranar da ya karɓa yana da kwana 10 ya shigar da ƙin amincewa. A tsohuwar dokar kwana 15 ne, kuma mutane da yawa ba su san an rage ba. Idan ya shigar, za a fara gwada sasanta su kafin a shiga shari'a. Idan ya jefa takardar cikin aljihu ya yi shiru, umarnin zai zama hukunci mai zartuwa.

A nan ne kuskure ya fi yawa: mutane na firgita da saƙon WhatsApp mai ɗauke da hoton tambarin kotu na jabu, su kuma yi sakaci da takardar gaskiya da huissier ya kawo har gida.

Ko bayan an sami hukunci, akwai matakai. Kafin a kama kaya don sayarwa, sai an ba mutum takardar neman biya, a jira aƙalla kwana 8. Bayan kamawa yana da wata guda ya nemi mai saye da kansa, don kada a karyar da kayan a gwanjo. Ba a zartar da kamu ranar Lahadi ko ranar hutu, ba a kuma fara shi kafin ƙarfe 8 na safe ko bayan 6 na yamma, sai da izini na musamman daga alƙali. Kayan da rayuwar mutum da iyalinsa ta dogara a kansu suna cikin abin da doka ta kare. Albashi kuwa ba a taɓa shi sai an gwada sulhu a gaban alƙali, kuma wani kaso ne kawai ake iya cirewa. Akwai kamun wucin gadi da alƙali kan ba da izininsa idan ana tsoron a ɓoye kaya, amma shi ma huissier ne ke yin sa da takarda. Mai bin bashi da ya shiga gida da kansa ko ya turo ƙarti su ɗebi kaya ya fita daga inuwar doka.

Sashe na 39 na dokar ya ba alƙali ikon ɗaga wa wanda ake bi ƙafa, ko ya rarraba masa biyan, har tsawon shekara guda, bayan ya duba halin da yake ciki da kuma buƙatar mai binsa. Bashin ciyar da iyali da na takardun kasuwanci irin su cek ba sa cikin wannan rangwame. Alƙali ba ya sanin halin mutum sai mutumin ya bayyana ya nema.

Game da kuɗin ruwa, ƙasashe takwas na UEMOA suna da iyaka. Shawarar da ta fara aiki a Janairun 2014 ta tsayar da ita a kashi 15 cikin ɗari a shekara ga bankuna, da kashi 24 ga asusun rance da sauran masu ba da bashi, kuma lissafin ya haɗa da kuɗin aiki da ake cirewa. A kan kashi 24, ribar sefa 7,000 a mako ɗaya kimanin sefa 32 ce, inda manhajar cikin misalin baya ta karɓi 3,000. Wuce iyakar laifi ne da ke da hukuncin tara da ɗauri. Wannan na cikin dalilan da suka sa masu irin wannan rance ba sa kusantar kotun da suke yi wa mutane barazana da ita. Kamaru da Cadi suna ƙarƙashin CEMAC, mai nata tsarin, wadda ta fitar da ƙa'idar kare abokan hulɗar bankuna a 2020.

Ana ɗaure mutum don bashi?

Sashe na 11 na yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan 'yancin ɗan Adam da na siyasa ta 1966 ya hana ɗaure mutum don kawai ya kasa cika alkawarin yarjejeniya. Nijar, Najeriya, Gana, Kamaru, Cadi, Benin, Togo da Kodebuwa duk sun amince da ita, kuma kariyar ta shafi duk wanda ke cikin ƙasa, ɗan ƙasa ne ko baƙo. Najeriya ta rubuta abin ɓaro-ɓaro a dokar shari'ar laifuka ta 2015 da dokar 'yan sanda ta 2020: ba a kama mutum a kan rikicin yarjejeniya kawai, ba a kuma kama wani a madadin wani.

Abin da ke faruwa a zahiri ya sha bamban. Mai bin bashi yakan je ofishin 'yan sanda ko jandarma ya sauya wa maganar suna, ya kira ta zamba ko cin amana, domin waɗannan laifuka ne da ake tsare mutum a kansu. Bambancin yana da muhimmanci. Wanda ya yi amfani da sunan ƙarya ko takardun jabu ya karɓi kuɗi, ko aka ba shi ajiya ya cinye, ya shiga hurumin laifi. Wanda ya ranta da sunansa na gaskiya, ciniki ya karye ya kasa biya, maganarsa ta kotun farar hula ce. Duk shaidar da ke nuna rance ne, ko rasit na wani kaso da aka riga aka biya, tana taimakawa wajen maido da maganar inda ta dace.

Mazauna Kamaru suna da wani abin lura. Dokar 24 ga Disamban 2019 ta mayar da ƙin biyan rancen banki ko na asusun rance da mugun nufi laifi, mai hukuncin ɗaurin wata 6 zuwa shekara 5. Sharaɗin shi ne mugun nufi, kuma kotu ce ke tabbatar da shi. Duk da haka, wanda ya ci bashin cibiya mai lasisi a Garwa, Marwa ko Yawunde ya ɓace, ya kashe waya, ya jefa kansa cikin haɗari na gaske. Zuwa da kai a nemi sabon tsarin biya a rubuce shi ne kariya mafi ƙarfi.

Dangi ba su ci ba, ba za su biya ba

Ɗaya daga cikin ƙaryar da ta fi yawo ita ce a kira ƙani ko suruki a ce an saka shi a matsayin mai lamuni, don haka bashin ya hau kansa. A ƙasashen OHADA, dokar jingina da lamuni da aka sabunta a 2010 ta ce ba a ɗora wa mutum lamuni da zato. Sai da takarda mai ɗauke da sa hannunsa, wadda ya rubuta iyakar kuɗin da ya ɗauka da hannunsa, da haruffa da kuma lambobi. Idan bai iya rubutu ba, sai shaidu biyu sun tabbatar an bayyana masa abin da yake ɗauka. Kasancewar lambar mutum cikin wayar wani ba ta mayar da shi mai lamuni.

Aika wa irin waɗannan mutane saƙo kuma ya taɓa dokokin kare bayanai. Nijar na da hukumar HAPDP da dokar da aka sabunta a 2022, Kodebuwa na da dokar 2013 da hukumar ARTCI ke kula da ita, Benin na da APDP, Kamaru kuma ta kafa tata dokar a Disamban 2024. Danna maɓallin amincewa a kan manhaja ba ya halatta amfani da bayanan don ɓata suna, balle ma mutanen da aka kwashi lambobinsu ba a taɓa neman izininsu ba. Zagi, ƙazafi da barazana kuwa laifuka ne a kundin hukunci na yawancin ƙasashen yankin.

Mai bin bashi ma yana da gaskiyarsa

Ba kowane mai bin bashi ne azzalumi ba. A zango, mutumin da ake bi a wannan rumfa shi ne ke bin wani a waccan. Asusun rance da ba a biya shi zai durƙushe tare da ajiyar talakawa, ɗan kasuwar da aka riƙe wa kuɗi shi ma yana da waɗanda ke jiransa. Suratul Baƙara ta haɗa ɓangarorin biyu: aya ta 280 tana maganar jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci, aya ta 282, mafi tsawo a Alƙur'ani, tana maganar rubuta bashi da kafa shaidu. Cin zarafin da aka yi wa mutum bai shafe ainihin kuɗin da ya karɓa ba. A ƙasashen UEMOA akwai ma cibiyar tattara tarihin masu cin bashi da ta fara aiki a 2016, kuma cibiya mai lasisi tana da damar kai sunan wanda bai biya ba can, abin da zai iya toshe masa rance a gaba.

Wani ɓangare na matsalar daga hukuma yake. Idan bin sefa 50,000 ta kotu zai ci kuɗin huissier da zirga-zirgar da suka kusan kai bashin, masu ƙaramin ƙarfi za su ci gaba da neman gajeriyar hanya ta ofishin jandarma ko ta tonon silili. Samame irin na Akra kuma yakan kama matasan da aka ɗauka aikin buga waya, alhali masu jarin suna wata ƙasa. Hukumomin kowace ƙasa suna tsayawa a iyakarsu, manhaja kuwa ba ta san iyaka ba. Inda za a iya shaƙe ta shi ne hanyar kuɗi, domin kowane rance da kowane biya ta asusun waya ko banki yake bi. FCCPC ta gwada haka a 2022, lokacin da ta umarci kamfanonin hada-hadar kuɗi su daina yi wa manhajojin da ake bincike aiki. Babu abin da ya hana BCEAO da BEAC da kamfanonin waya bin wannan sawu da ƙarfi.

Abin da ke hannun jama'a

Wanda ya riga ya faɗa, abu na farko shi ne adana shaida: hoton kowane saƙo, lambobin da aka kira da su, ranaku, da rasit na abin da ya shigo da abin da aka biya. Sai ya janye izinin da ya ba manhajar a cikin wayarsa, ko da yake abin da aka riga aka kwasa ya tafi. Ya nemi a ba shi lissafin bashin a rubuce, da sunan kamfanin da lambar lasisinsa. Kada ya tura kuɗi zuwa lambar wani mutum da bai sani ba, kada kuma ya ranto daga wata manhajar don ya toshe ta farko. Ƙorafi yana zuwa ga sashen 'yan sanda mai kula da laifukan intanet, da hukumar kare bayanai, da babban banki. Wanda bai iya harshen hukuma ba ya tafi da wanda ya iya, kada ya sa hannu a takardar da ba a fassara masa ba.

Mataki mafi wuya shi ne ya riga su faɗa. Mutumin da ya sanar da iyalinsa da abokan cinikinsa cewa ya ci bashi kaza, ana kuma shirin aiko musu saƙo, ya rage wa barazanar kaifi tun kafin ta iso.

Sauran aikin na waɗanda saƙon ke shiga wayoyinsu ne. Tonon silili ba ya aiki sai an sami mai karantawa ya yarda, ya tura wa wani. Sarakunan zango, limamai, shugabannin kasuwa da uwayen adashi sun daɗe suna sasanta bashi: a zaunar da mutum biyu, a tantance abin da aka ci, a yanka lokacin biya, a rubuta. Za su iya ƙara abu biyu a kan wannan: su bayyana wa jama'a da Hausa, a masallaci da gidajen rediyon unguwa, cewa saƙon ɓatanci daga manhaja ba shaida ba ce a kan kowa, su kuma tanadi mutum ɗaya ko biyu masu Faransanci ko Turanci da za su riƙa raka masu ƙorafi ofisoshin hukuma. Kwana 10 na ƙin amincewa da umarnin biya ba sa jiran kowa, kuma mutumin da ya san akwai wanda zai karanta masa takarda ya fi kusa da amfani da su.